Idan Akori-kura Ta Yi Ƙara Wajen Sa Giya

 Sharhinmu na yau zai shiga ƙarƙashin mota ne, wurin da yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba. Direbobin akori-kura, da iyayen gidansu masu motocin, da makanikai da yaransu, har da ɗan kasuwar da ke hawa kan buhuna ranar kasuwa, kowa ya matso kusa da rediyonsa, domin maganar ta shafi aljihu, ta kuma shafi rai.

Ga yadda abin yake faruwa. An gama lodi da sassafe, direba ya tayar da inji, ya taka kulochi, ya sa giya, ya ɗaga ƙafa. Kafin mota ta motsa sai a ji ƙwaram daga ƙasa, kamar an maka guduma a jikin ƙarfe. Ya zo juyawa ya sa ribas, ƙwaram. A kan hanya ya saki totur ya sake takawa, ƙwaram. Fasinja ya tambaya ko lafiya, direba ya ce ai haka take yi, ta saba. To, jama'a, ƙarfe ba ya sabawa da duka. Cinyewa yake yi a hankali har ranar da zai rabu gida biyu, kuma ba ya zaɓar wurin da zai rabu.

Mun daɗe da irin waɗannan motoci. Dattawa suna tuna Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Yau kuwa Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ita da 'yan uwanta irin su Mitsubishi L200, su ne ke kai hatsi Dawanau, su kwaso awaki daga Maigatari da Mai'aduwa, su fito da albasa daga Aliero, su kai ma'aikatan lafiya ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba. Tsoffi da sababbi duk gininsu ɗaya ne: inji yana gaba, amma tayoyin baya ne ke tura mota. Ƙarfin inji yana bi ta kulochi, ya shiga giyabos, ya fita ta farfela, wato dogon bututun ƙarfen nan da ke kwance a ƙarƙashin mota, ya isa tulun giyar da ke tsakiyar aksul ɗin baya, wanda makanikai ke kira difaranshal, daga nan ya rabu biyu zuwa tayoyi.

Duk wanda ya taɓa kora amalanken shanu ya san abin da zan faɗa. Idan igiyar ɗauri ta yi tsantsan, shanu suna ɗaga ƙafa amalanke zai bi su lami lafiya. Idan kuwa ta yi sako-sako, sai sun yi taku ɗaya a banza, sannan a ji fizga, kaya su girgiza. Haka mota take. A yawancin mahaɗun da ke tsakanin inji da taya akwai ɗan wasa kaɗan da maƙera suka bari da gangan domin mai ya samu wurin shiga. Idan wani wuri ya cinye, wasan nan sai ya yi yawa, kuma duk lokacin da ƙarfi ya sauya hanya, daga gaba zuwa baya, ko daga ja zuwa saki, ƙarfe zai yi tafiya a sarari ya je ya doki ɗan uwansa. Wannan dukan shi ne ƙarar da muke ji. Aikin da ke gabanmu shi ne gano mahaɗar da ta saki.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi cin kuɗi. Tunda ana jin ƙarar lokacin sa giya, sai a ɗora wa giyabos laifi. Na ga haka da idona a gidanmu. Wani ƙanena yana da akori-kura da yake jigilar kayan gwari da ita, ta fara wannan ƙara, ya kai ta gareji, aka ce sai an sauke giyabos. Aka sauke, mota ta kwana biyu ba aiki, aka sayi kaya, aka mayar. Ranar da ya ɗauko ta, bai bar ƙofar gareji ba ta sake yin ƙwaram. Daga baya wani dattijon makaniki ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashinta, ya kama farfela da hannu ya murɗa, ya kira shi ya ce, zo ka gani, yaro. Wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba ya mutu. Tun daga ranar na riƙe darasi guda: bincike daga mai arha ake fara shi, a tafi zuwa mai tsada, daga abin da ido ke gani zuwa abin da sai an kwance.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka shaidar farko tana bakin direba. Malam direba, kafin ka je gareji, ka kashe waƙa, ka sauke gilashi, ka saurari motarka. Idan duka ɗaya tak take yi lokacin tashi, ko sa ribas, ko taka totur bayan saki, wannan wasa ne a farfela, ko kujerun inji, ko aksul. Idan gurza take yi, ƙirrr, daidai lokacin da hannunka ke tura sandar giya, wannan wata cuta ce daban, ko kulochi ba ya rabuwa sosai, ko zobban da ke daidaita gudun haƙora a cikin giyabos sun cinye. Idan kuka take yi mai ƙaruwa da gudu, hankali ya koma kan difaranshal ko boris. Idan tana ɗan tsuwa kamar ɓera sa'ad da take tafiya a hankali, ko kana jin karkarwa a ƙarƙashin kujera idan ta miƙe hanya, a duba gwiwar farfela. Idan kuma sai a kan ramuka kawai take bugawa, sa giya bai dame ta ba, to a nemi shokazoba da robobin sifirin. Direban da ya zo da irin wannan bayani ya rage wa makaniki rabin aiki.

Kafin kowa ya shiga ƙarƙashin mota, ina roƙo a kiyaye wannan. A tsayar da ita a wuri mai daidai, a kashe inji, makulli ya koma aljihun wanda zai shiga, a ja birkin hannu, a sa waigi gaba da bayan taya, sannan a mayar da giya firi domin farfela ta saki. Kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kuma sani cewa idan aka cire farfela, giya ba ta riƙe mota kuma, sai birki da waigi.

Wurin farko da za a kai hannu shi ne gwiwar farfela, wadda makanikai ke kira kuros. Aksul ɗin baya yana hawa yana sauka da hanya, giyabos kuwa yana ɗaure a jikin mota, don haka dole farfela ta samu gwiwa da za ta lanƙwasa alhali tana juyawa. Dabarar tsohuwa ce. A Turai har yau ana danganta ta da Cardano, masanin Italiya na ƙarni na 16, da Robert Hooke na Ingila a ƙarni na 17, sannan wani Ba'amurke, Clarence Spicer, ya gyara ta don motoci a farkon ƙarni na 20. Kuros ƙarfe ne mai hannu huɗu, kowane hannu da hularsa, a cikin kowace hula akwai siraran ƙarafa kamar allurai suna iyo a cikin giris. Ƙurar hunturu da ruwan damina su ne abokan gabarsa. Robar bakin hula ta tsage, giris ya fita, yashi ya shiga, allurai su niƙe. Alamar da ba ta ƙarya ita ce jar ƙura mai kama da garin jan kanwa a bakin hular. Ka riƙe gefe ɗaya na gwiwar da hannu, ka murɗa ɗayan, ka kuma ɗaga shi sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya girgiɗi ko kaɗan. In ya motsa, ya mutu, kuma giris ba ya tayar da matacce, sai canji. Wani kuma ba girgiɗi yake yi ba, ƙagewa yake yi, wannan sai an sauke farfela an lanƙwasa gwiwar da hannu za a gane shi.

Bari in faɗa muku dalilin da ya sa nake nanata wannan ɗan ƙarfe. Mota tana gudun kilomita 100 a awa, tayarta tana juyawa wajen sau 700 a minti guda. Farfela kuwa tana ninka wannan kusan sau huɗu, wato tsakanin 2,500 da 3,000 a minti. Idan gwiwar baya ta rabu a wannan gudu, farfela za ta yi ta dukan cikin mota, tana iya fasa tankin mai ko ta tsinke bututun birki. Idan ta gaba ce ta rabu, kan farfela zai faɗi ya caki ƙasa, ya ɗaga bayan mota sama. Ku tuna cewa a bayan nan akwai mutane zaune a kan kaya, ba bel, ba rufi.

Daga kuros sai a bi farfela har ƙarshenta. Motoci masu dogon jiki farfelarsu biyu ce a haɗe, da boris a tsakiya zaune cikin roba. In robar ta yage, farfela za ta riƙa tsalle tana dukan gindinta. A duba notukan da suka ɗaure ta da giyabos da aksul, domin sau da yawa bayan wani gyara ake barin su ba a matse ba. Akwai kuma wurin da farfela ke zamewa ciki da waje kamar takobi a kube, domin tsawonta ya riƙa canjawa yayin da sifirin ke aiki. Idan wurin ya bushe, sai ya maƙale ya kuma saki da ƙarfi, direba ya ji tim bayan ya tsaya ko zai tashi, kamar wani ya taɓa shi ta baya. Sau da yawa maganin wannan wankewa ne da sabon giris, ba sayen komai.

Na gaba su ne kujerun inji da na giya, wato dunƙulen roba da ƙarfe da inji da giyabos ke zaune a kansu. Zafi yana busar da su, baƙin mai da ke yoyo yana ruɓar da su. In sun yage, inji gaba ɗaya ne ke ɗagawa ya faɗo idan an sa giya. A mota mai giyar hannu, za ka ga sandar giya tana zabura duk sa'ad da ka taka totur ko ka saki. A mai atomatik, a buɗe bonet, direba ya danne birki da kyau, ya sa giyar gaba ya koma ribas, wani ya tsaya daga gefe yana kallon inji. Daga gefe na ce, kada kowa ya tsaya gaba ko baya. Ɗan motsi ba laifi ba ne, amma in inji ya yi tsalle, an gano ɓarawon.

Sai mu zo kan sifirin, a nan kuwa dole mu faɗa wa juna gaskiya. Irin waɗannan motoci an gina su ne don ɗaukar kaya wajen tan guda, har da direba da fasinja. Buhun masara mai kilo 100, guda 10 sun cika tan. Ku da kanku kun san buhu nawa ake jibga mata ranar kasuwa, sannan mutane su hau sama. Aksul ɗin baya yana ɗaure ne a jikin sifirin da wasu lanƙwasassun ƙusoshi, da ƙusa guda a tsakiya da ke riƙe fallayen. Lodi mai yawa yana miƙar da ƙusoshin, ya karya ta tsakiyar, ya cinye robobin kunnen sifirin. Daga nan duk lokacin da aka saki kulochi, aksul zai murɗa ya buga. Alamarsa ita ce wurin da ƙarfe ya goge yana sheƙi a gindin sifirin, ko a ga mota tana tafiya a karkace idan an bi ta daga baya. Kuma sifirin da ya kwanta yana canja tsayuwar farfela, ya kashe sabon kuros cikin ɗan lokaci. Wanda ya canja kuros sau uku a shekara, ya dubi lodinsa.

In duk waɗannan lafiya suke, sai a juya ga difaranshal. A cikinsa akwai babban faifai mai haƙora da ƙaramin da ke juya shi, kuma sararin da ke tsakanin haƙoransu bai kai rubu'in milimita ba idan an daidaita shi yadda ya kamata. Ka murɗa bakinsa da hannu daga inda farfela ta haɗu da shi. Ɗan juyi kaɗan ba komai, amma in ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya da ƙara, ko ya motsa sama da ƙasa, ko mai yana tsiyaya daga bakin, akwai magana. A buɗe a ga mai. Motar da ke ratsa rafi da damina ruwa yana shiga tulun nan, mai ya koma fari-fari kamar kunu, daga nan haƙora da boris su fara ci. Yawancin motoci akwai mayen ƙarfe a jikin murfin zubar da mai. Laushin gari kaɗan a jikinsa abu ne da aka saba gani, ɓarɓashin ƙarfe kuwa labari ne mara daɗi. Man da ya dace da shi mai kauri ne na musamman, mai alamar GL-5, baƙin man inji ba ya yin aikinsa. Ina kuma jan kunnen yaran gareji: babban notin bakin difaranshal ba a danne shi da ƙarfin tsiya don a kashe ƙara. Matsinsa da awo ake yi, in ya wuce kima boris ya ƙone.

Sai bayan an wanke duk waɗannan ne ake maganar sauke giyabos. A mota mai giyar hannu, a tsakiyar faifan kulochi akwai ƙananan sifirin da ke shanye fizgar inji, in sun karye ana jin bugu wajen tashi. A mai atomatik kuwa, kafin a taɓa sifana a duba abu biyu: silon inji, wato gudunsa sa'ad da ba a taka totur ba, domin in ya yi sama giya za ta shiga da duka, da kuma man giya, yawansa da launinsa da warinsa. Masu motoci masu jan ƙafa huɗu su ma su kula. A yawancin akori-kurarmu an yi giyar jan ƙafa huɗu ne don yashi da taɓo. Tafiya da ita a kan busasshiyar kwalta tana ɗaure ƙarafa, ta sa giyar ta ƙi fita, in ta fita ta fita da ƙara, ta kuma gajiyar da duk mahaɗun da muka lissafa.

Jama'a masu sauraro, kun ga dai yawancin wannan bincike bai buƙaci na'ura ba, sai kunne da ido da hannu da haƙuri. Saura kowa ya ɗauki nasa nauyin.

Alhaji mai mota, idan direbanka ya ce maka mota tana ƙara, kada ka ce masa ya lallaɓa sai bayan kasuwa, kada kuma ka ɗauka dabarar cin kuɗi ce. Ka je ka gani da idonka. Kuɗin kuros da na giris ba su kama ƙafar kuɗin farfela da giyabos ba, balle ran mutum guda.

Malam direba, ka bari mota ta tsaya cak kafin ka sa ribas. Ka daina watsar da kulochi da lodi a bayanka. Duk gwiwar da ke da kan nonon giris, a ɗura mata duk lokacin juyen baƙin mai, a kuma ƙara bayan an ratsa ruwa. In aka matsa maka ka ƙara buhu bayan mota ta cika, ka tuna kai ne a bayan sitiyari.

Maigida makaniki, sana'arka amana ce, domin mai mota bai san abin da ke ƙasa ba sai abin da ka faɗa masa. Ka gwada kafin ka kwance, ka kira shi ya ga wurin da ke girgiɗi, ka ba shi tsohon kayan a hannu. Ka yi wa farfela alama da fenti ko alli kafin ka sauke ta, domin ta koma yadda ta fito, in ba haka ba ka kashe ƙara ka haifar da karkarwa. Kada ka toshe hular kuros da walda, kada ka cusa gwangwani a inda ƙarfe ya cinye. Ka koya wa yaranka wannan tsari tun suna miƙo maka sifana. Wajen sayen kaya kuma, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano, ko a Panteka a Kaduna, ko a Maraɗi da Damagaram, a tafi da tsohon a gwada, a nemi mai kyau ko da ya fi tsada, domin araha ba ta ado.

Ku kuma fasinjoji, kuna da baki. In kun ji mota tana wannan duka tun daga tasha, ku yi magana, ba rashin kunya ba ne. Mun yarda komai sai Allah Ya so, amma Shi ne Ya ba mu kunne, kuma motar nan ta yi ta faɗa mana ciwonta makonni kafin ta faɗi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Duk wanda akori-kurarsa ke yin ƙwaram wajen sa giya, ya sa a duba ta kafin lodin gobe.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya, Ya sa albarka a cikin nema.